Ranar da Goggo Shafa'atu Ta Goge Muhammad Sani

Ku matso, ku 'yan kwafi-ka-manna. Ku da in kun tsinci guntun kod a intanet ko karanta shi ba kwa yi, sai ku jefa shi cikin aikin mutane ku danna, ku miƙe ƙafa. Labarin ƙanwar babana zan ba ku, Goggo Shafa'atu. Ta fara tara irin waɗannan guntaye tun ba a haifi yawancinmu ba, kuma ɗaya daga cikinsu saura ƙiris ya sa ta kashe mutum.

A Damba aka haife ta, cikin Gusau. Da ta gama sakandare ta koyi tafireta, ta yi shekara biyu a wata rumfa tana buga wa mutane takardun neman aiki. Lokacin an yanko Zamfara daga Sakkwato, kowa ya zama mai neman aiki. A 1997 wani likita, Dakta Abdulƙadir, ya buɗe ɗan asibitinsa a Tudun Wada, ya zo da kwamfuta tun daga Legas. Ya ɗauki Goggo don yatsunta na gudu, ba don ta taɓa ganin kwamfuta ba. Ya nuna mata makunni, ya nuna mata manhajar ajiye sunaye da ake ce wa dBase, ya koma wajen marasa lafiyarsa. Iyakar karatun da aka yi mata ke nan.

Sauran a littafi ta koya, littafin da ita ta rubuta. Mai baƙin bango ne, mai kauri. Ƙawarta Suwaiba na aiki a wani ofishi a Kaduna inda akwai intanet, takan bugo mata shafuka ta ba direban mota ya kawo. Goggo ta kwafe kowane guntun umarni da biro, ta rubuta amfaninsa da Hausa a gefe. Shafin farko layi ɗaya ne:

COPY *.DBF A:

A gefe ta sa: "Kwafe komai zuwa faifai kafin a tashi." Akwai shafin yadda za a hana firinta cin takarda. Akwai inda ta rubuta wa kanta, "Kar ki kashe ta daga bango, tana fushi." Har shafin intanet ta yi wa asibitin, sunansa na tafiya daga dama zuwa hagu da jan rubutu. Babu layin intanet a asibitin, don haka duk duniya mutum uku ne suka taɓa ganinsa: ita, da Dakta, da Bawa mai ba da magani.

To ga inda matsalar ta faro. Mutanen ƙauye ba sa riƙe kati. Wani ya bari a aljihun rigar da aka wanke, wani akuya ta ci. Duk wanda ya zo babu kati sai a sake rubuta shi, har mutum ɗaya ya zama uku a kwamfuta. Dakta ya ce ta gyara. Ta aika wa Suwaiba, Suwaiba ta aiko da layi goma sha biyu. Abin da suke yi mai sauƙi ne: in an sami mutum biyu, suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, a bar na farko a goge na biyu. Layin ƙarshe kalma ɗaya ce, PACK. Wannan ita ke share abin da aka goge har abada, babu dawowa.

Wanda ya rubuta kod ɗin, ko a wace ƙasa yake, bai yi laifi ba. A garinsu kowa ya san ranar da aka haife shi. Amma Goggo in ta tambayi dattijo shekarunsa, cewa yake, "Na kai sittin," ko "Shekarar da fara ta cinye gero." Kwamfuta kuwa ba ta karɓar fara. Sai Goggo ta riƙa sa wa kowa ɗaya ga Janairu. Duk wani mai sittin a ƙasar nan, a wajenta rana ɗaya aka haife su.

Ranar Asabar ta danna. Cikin sunaye dubu uku da wani abu, ɗari huɗu da sha biyu suka tafi. Ta ji daɗi. Ta bi dokar shafin farko, ta kwafe sabon a kan faifanta. Faifai ɗaya gare ta. Sabon ya hau kan tsohon.

Wannan a ƙarshen Disamba ne na 1998, ana cikin azumi.

Ranar Litinin wani dattijo fari, mai ɗingishi, ya zo babu kati. Ya ce sunansa Muhammad Sani, a ƙara masa maganinsa na wata. A asibitin, tsofaffin masu zuwa ba sai sun ga likita ba: Goggo ta bugo takarda, Bawa ya ƙirga ƙwaya. Ta buga sunan, mai sittin guda ɗaya ya fito. Har ta yaba wa kanta, da a da ne sai ta yi ta tambaya. Dattijon ya karɓi ƙwayoyinsa farare, ya sa musu albarka, ya tafi.

Talata da hantsi wani dogon dattijo baƙi ya jingina da tagarta.

"Ɗiyata, Muhammad Sani, daga Tsafe. Maganin suga."

Ta buga. Ta duba shi, ta duba allo.

"Baba, ai jiya ka karɓa."

"Ni? Jiya ina sussukar dawa. In na zo Gusau jiya, to aljanina na aiko."

Goggo ta ce a nan ta gane abin da ta yi. Bakinta dama a bushe yake da azumi, sai ya ƙara bushewa har harshe ya manne. Ta miƙe ta shiga ɗakin magani.

"Bawa, tsohon jiya mai ɗingishi. Me muka ba shi?"

"Abin da takardarki ta ce. Ƙwayar suga, talatin."

"In mutum ba shi da ciwon suga ya sha fa?"

Bawa ya ajiye kwalbar hannunsa. "Mai azumi?"

Ta gyaɗa kai.

"Inna lillahi. Za ta kwashe ɗan sugan da ke jikinsa. In ya sha da sahur, kafin la'asar sai gumi, sai rawar jiki, sai suma. In ba a sa masa zaƙi a baki ba, ba lalle ya tashi ba." Ya leƙa ƙofa, ya rage murya. "Dakta ya tafi Sakkwato, sai yamma. Ki bari ya dawo. Ni dai abin da takarda ta ce na bayar."

"Yamma, Bawa? Kai ka ce kafin la'asar."

Ta koma gaban kwamfuta tana neman mutumin, ko da yake ta san ba ya nan. Ta sa faifai, shi ma ba ya nan. Ita ta goge shi da hannunta, har sau biyu. Sai ta tuna tsohon littafin rajista, wanda aka daina amfani da shi aka jefa ɗakin ajiya. Ta jawo shi ƙarƙashin kwalaye, ta zauna a ƙasa tana bin layi da yatsa. Muhammad Sani goma sha ɗaya. Masu sittin huɗu. Mai ciwon gwiwa ɗaya. A gurbin adireshi, da rubutunta, kalma ɗaya: Bungudu.

Ta sa Bawa ya sallami dogon dattijon Tsafe da maganinsa, ta ja mayafi ta fita. Bawa ya biyo ta da kwalin suga yana cewa ta riƙe. Ta karɓa, ta ajiye a kan benci don ta ɗaure takalmi, ta tafi ta bar shi a nan.

Mijinta Lawali tela ne a kasuwa, lokacin ɗinkin salla ya taso masa har wuya. Ya ɗago ya gan ta tsaye bakin shago.

"Lafiya? Wa ya rasu?"

"Ba a rasu ba tukuna. Tashi da babur."

Ya dubi fuskarta sau ɗaya, ya bar rigar mutane a ƙarƙashin allura.

A hanyar Bungudu ta ba shi labari cikin iska, rabi ya ji rabi bai ji ba. Ita kuwa duk mutumin da ta hango kwance a gindin bishiya sai gabanta ya faɗi. Ta ce abin da ya fi tsorata ta shi ne fuskar tsohon lokacin da yake sa mata albarka. Ta yi ta ƙoƙarin tuna ko ya ambaci unguwa, ko sunan wani. Babu. Ba ta tambaya ba, don kwamfuta ba ta tambaye ta ba.

A tashar Bungudu suka tsaya wajen masu lodi. Lawali ya yi sallama ya ce suna neman Muhammad Sani.

Aka fashe da dariya.

"Ga ni," in ji mai faci.

"Ni ma ga ni," in ji wani daga kan benci. "Malam, garin ga in ka ce Sani a masallaci, sahu biyu ke waiwayowa. Wane kake so? Na Abu, ko Mai Jaki, ko Ƙaramin Sani wanda ya fi kowa tsawo?"

Goggo ta manta da kunya, ta shiga gaba. "Dattijo ne, yana ɗingishi."

"To Sani Gurgu ne. Bayan makaranta."

Suka tafi bayan makaranta. Suka yi sallama, suka jira, aka ce yana wanka, suka ƙara jira. Da ya fito sai ga mutum baƙi wanda bai wuce arba'in ba. An ci musu kusan awa guda. Suna dawowa tasha aka kira azahar, kiran ya shiga kunnen Goggo kamar ana ƙirga mata lokaci.

Wannan karon ba ta bar kowa ya yi wasa ba. Ta ce, "Don girman Allah ku saurare ni. Fari ne, tsoho, jiya ya je Gusau asibiti ya dawo. An ba shi maganin da ba nasa ba. In ban same shi ba mutuwa zai yi."

Wani direba da ke kwance a cikin motarsa, Bello, ya ɗago kai.

"Tsohon da ya hana mu sakat da zancen albasa tun daga Gusau? Ai da kin ce Jatau. Wa ya san shi da Muhammad Sani? Sani Jatau mai albasa. Yanzu shina fadama, ku bi hanyar gulbi, ku tambayi lambun Jatau."

Babur bai kai lambun ba, yashi ya hana. Suka jingine shi suka ruga da ƙafa tsakanin kunyoyin albasa. Tun daga nesa ta hango taro a gindin mangwaro, mutum biyar ko shida, sai ta tsaya cak. Ta ce ta san abin da taro a gona ke nufi. Lawali ne ya ja hannunta.

Yana da rai. An jingina shi da bishiyar, riga ta jiƙe sharkaf kamar an watsa masa ruwa, hannuwa na karkarwa, ido na kallon inda babu kowa. Wani na yi masa tofi. Matarsa, Inna Tambaya, wadda aka kira daga gida, tana yi masa fifita da gefen zane tana cewa iska ne, tun shekaranjiya ta ce ya daina zama gindin mangwaron nan da tsakar rana.

Goggo ta durƙusa. "Inna, maganin jiya, nawa ya sha?"

"Ɗaya da shan ruwa. Da sahur biyu, wai gwiwa ta matsa mai. Ke wace ce?"

Uku. Goggo ta laluba jaka, babu suga. Ta tuna benci.

"Akwai wani abu mai zaƙi a nan? Komai!"

Inna Tambaya na ƙulle da mazarƙwaila a haɓar zane, ta sayo don kunun shan ruwa. Goggo ta fizge ta, ta farfasa da dutse, ta jiƙa a ƙwaryar ban ruwa, tana damawa da yatsu. Ta kai bakin tsohon.

Ya kau da kai. Ya datse haƙora.

"Baba, sha."

"Azumi nike," ya ce, murya can ƙasa. "Tun ina sha biyar ban taɓa sha ba. Saura kaɗan."

"Malam Jatau, mara lafiya an yi masa rangwame," in ji mai tofin. "Kai ma ka sani."

"Lafiyata lau. Rana ce."

"Lafiyarka lau ka faɗi cikin albasa?" in ji Inna Tambaya. "Taurin kan ga dai shi za ya kai ka, na daɗe ina faɗi."

Kansa ya fara langaɓewa. Bawa ya gaya wa Goggo cewa in ya suma ba a ɗura masa komai, sai ya shaƙe. Ke nan abin da ya rage mata shi ne 'yan mintunan da yake iya haɗiya. Ga maza tsaye a kanta, ba ta san wanda yake ɗansa ko ƙanensa ba, ba ta san abin da za su yi mata in sun ji ba. Ta ce ta ji tsoronsu, amma bai kai tsoron ɗaya abin ba.

"Baba, dube ni. Ni ce yarinyar tagar asibiti. Ba rana ba ce, ba iska ba ne. Ni ce. Maganin wani Sani na ba ka, na Tsafe. In ka mutu a nan, ni na kashe ka. Shekarata ashirin da huɗu, ina da goyo a gida. Kada ka bar ni da wannan har ƙarshen raina. Don Allah, Baba."

Fifitar Inna Tambaya ta tsaya. Tsohon ya juyo da ido a hankali, ya daɗe yana neman fuskarta.

"Ke ce kika ce in gaida gida?"

"Ni ce."

"Kuka kike?"

Ya buɗe baki.

Ya sha rabin ƙwaryar, ana tallafe da kansa. Goggo na ƙirga numfashinsa. Minti goma, ko sha biyar, ita dai ta ce shekara ce. Rawar hannun ta ragu. Ya share fuska, ya dubi mutanen da ke kansa ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Wa ya bar ruwa na gudu cikin kunyar can?"

Inna Tambaya ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka, tana kuka tana zaginsa. Sai da ta ji sauran labarin daga bakin Lawali ta juyo kan Goggo.

"Ke kuma, mijin nawa kika haɗa da na wata? Ba ki da ido? Wancan an ce baƙi ne dogo!"

"Inna, akwatin ne ba shi da ido. Ni kuma na yarda da shi."

"To ki saya mai tabarau."

Ƙwayar ba ta barin jiki da wuri, don haka suka ɗauko shi a motar Bello zuwa Gusau, yana tsotsar sauran mazarƙwaila yana mita. Dakta ya dawo ya same shi a gado, ya sa masa ruwa, tsohon ya kwana biyu. Dakta bai ɗaga wa Goggo murya ba. Ya ce ta kawo littafin, ya karanta layi goma sha biyun nan, ya tambaye ta, "Saura nawa?"

"Ɗari huɗu da sha ɗaya."

"Daga yau babu takardar da za ta fita sai kin dawo da su."

Sati biyar ta yi tana bin tsohuwar rajista layi-layi. A cikin waɗanda ta goge, kusan kashi ɗaya cikin uku mutane ne daban, masu ransu da ciwonsu. Ta ƙara gurabe uku a kwamfuta: laƙabi, sana'a, da sunan mai unguwa. Ta ba kowa lambar da ba a maimaitawa. Ta sayi faifai bakwai, kowace rana da nata. Ranar haihuwar da ba a sani ba kuwa ta daina ƙirƙira, ta bar gurbin fanko.

Bayan salla Sani Jatau ya aiko Bello direba da buhun albasa da saƙo, wai ranar Alhamis zai rama azuminsa, in tana da kunya ta taya shi. Ta taya shi. Har ya rasu, shekara tara bayan nan, in ya zo taga ba ya faɗin suna. Sai ya ce, "Duba da kyau, ɗiyata, farin ne."

Goggo ta yi shekara ashirin da ɗaya a bakin tagar nan kafin ido ya sa ta ajiye. Littafin na nan. Ba ta yage shafin ba. Layi goma sha biyun suna nan yadda ta kwafe su, sai dai ta kewaye PACK da jan biro har takardar ta huje. A ƙasa ta rubuta abu uku. Gwada a kan mutum goma da kika sani kafin ki sake shi a kan dubu. Kada sabon kwafi ya hau kan tsoho. Na ukun tambaya ce, ita ta fi girma a shafin: "Wanda ya rubuta wannan, ya san Sani nawa ne a Bungudu?"

Kwanan baya ɗan maƙwabcinta, wanda ke gina wa wata makaranta shafin rajista, ya zo yana nuna mata aikinsa a waya. Yana ta bayani, wai komai a gajimare, can a intanet, yake ajiye yanzu, kuma ya samo wani kod da ke cire maimaici da dannawa ɗaya. Goggo ta ajiye carbinta.

Ta ce, "Kafin ka danna, kawo sunayen. Karanto mini su da baki, ɗaya-ɗaya."